Ƙyallin inji ba tsabta ba ne

A wuraren wankin mota da dama a Kaduna, bayan an wanke inji sai a fesa masa man dizal ko a shafa baƙin mai don ya yi sheƙi, mai mota ya ɗauka an gyara masa. Ɓarna aka yi. Dizal yana kumbura tiyon roba, yana sa fambel santsi, kuma da ƙurar hunturu ta sauka sai ta manne ta zama caɓi. Fenti kuwa ba ya kama wurin da ke da maiƙo, ko kaɗan ne. Zai yi ƙuraje ya ɓare.

In za a wanke inji yadda ya kamata, a bar shi ya huce tukuna. A cire kan batir na nagatif, a ɗaure leda a kan altaneta (na'urar da ke cajin batir), akwatin fis da bakin shaƙar iska. A wanke da sabulun cire maiƙo da burushi, a ɗauraye da ruwa mai sauƙi, kada a yi da injin feshi mai ƙarfi, domin yana tura ruwa cikin ramin filogi da mahaɗar wayoyi, mota ta riƙa gargada. In za a yi fenti, a goge da sanfefa mai lamba 400, a sa firama, wato shafin farko da ke sa fenti ya kama, sannan a fesa fentin siriri sau biyu ko uku. Kusa da bututun hayaƙi sai fentin da ke jure zafi.