Ba kowane kumburin fuska ne na ƙyalewa ba

Allah ya saka da alheri ga waɗanda suka taɓo batun iskar da ke shiga jiki wajen gyaran jijiyar haƙori. Nan Tawa, kumburin kunci bayan aikin haƙori ba a ɗauke shi komi ba. Alhali in lokotoro ya fesa iska mai ƙarfi cikin ramin haƙorin don ya bushe, tana iya ɓullewa ta ƙarshen saiwa ta shige ƙarƙashin fata. Nan take fuska ta haye, in an taɓa sai a ji ƙaras-ƙaras. Takan gangara wuya har ƙirji, kuma ko da yake ba kasafai ba, in ta faɗa jijiyar jini tana kisa. Shi ya sa ake tsane ramin da siraran tsinkayen takarda. Don Allah wanda numfashinsa ya fara sarƙewa a garzaya da shi asibiti, kar a tsaya shafa man zafi.