Ba jimillar nauyi kaɗai ba ce matsalar

Wani rahoto ya ce muddin motar kwana, wato motar tafiye-tafiye mai wurin kwana a ciki, ba ta haura kilo 3,500 da lasisin tuƙi na gama-gari ya amince da shi a Turai ba, shi ke nan. Da sauran magana. Ruwan da ke cike da tanki mai lita 100 kilo 100 ne cif, ga tukunyar gas, ga batura, ga kekuna rataye a baya. Duk lodin da ke can bayan tayoyin baya yana ɗaga gaban mota, sitiyari ya yi sako-sako, birki ya ƙi kamawa da wuri, taya ta ɗau zafi ta fashe. Masu cewa motarsu lafiya lau, kun taɓa ɗora gaba daban, baya daban a sikeli bayan kun gama lodi?