Haɗin kan masu bi ba wai sai an haɗe coci ɗaya ba

Jama'a akwai maganar da ake yawan yi, wai tunda muna da ɗarikun coci irin su ECWA da COCIN da EYN da sauransu to addu'ar da Yesu ya yi a Yohanna 17 cewa mu zama ɗaya ba ta karɓu ba kenan. Wallahi abin na damuna don ba haka ba ne. Yawancin sunayen nan tarihin mishan ne ya kawo su, ECWA daga ƙungiyar mishan ta SIM (Sudan Interior Mission) ta fito, COCIN daga ta SUM (Sudan United Mission), EYN kuma daga ƴan mishan da suka fara aiki a Garkida a 1923, ba faɗa aka yi aka rabu ba. Su mutanen Koranti da Bulus ya tsawata wa ai ikilisiya ɗaya suke fa, amma wannan ya ce ni na Bulus ne wancan ya ce ni na Afolos ne, kishi da jayayya sun cinye su. Lokacin da Boko Haram ta kori ƴan'uwa daga Gwoza da Michika, masu bi na wasu ɗariku sun ba su masauki da abinci, ana addu'a tare ba a tambayi katin mamba ba.