Hakapiri ya zaga duniya, masu shi fa?

A gabar tekun Birtaniya da Ireland akwai wani itace da masu lambu ke shinge da shi, domin iska mai gishiri ba ta yi masa komai. Ganyensa kore shar ne ta sama, fari-fari ta ƙasa. Masana na kiransa Olearia traversiorum. Asalinsa tsibiran Chatham ne, kimanin kilomita 800 gabas da New Zealand, inda al'ummar Moriori, 'yan asalin tsibiran, ke ce masa hakapiri.

Da zarar an taso da batun maganin gargajiyar Moriori, sai hankali ya koma kan ganye da ɓawo, a ji wace cuta suke warkarwa. A ganina an fara ta inda bai kamata ba. Sanin magani a bakin dattawa yake: wace saiwa, yaushe za a haƙo ta, nawa za a sha. To, ina dattawan?

A 1835 mutanen ƙabilun Ngāti Mutunga da Ngāti Tama na Māori daga New Zealand kimanin 900 suka sauka a tsibirin. Moriori na da dokar kakansu Nunuku wadda ta haramta kisa. Suka yi taro, suka ƙi ɗaukar makami. Aka kashe kimanin 300, aka bautar da sauran, har auren juna aka hana su. A 1862 saura mutum 101. A 1870 kotun filaye ta miƙa wa maharan kashi 97 cikin ɗari na ƙasar. Wanda ke cikin bauta ina ya ga sukunin jan jikansa daji ya nuna masa itace? Ba don irin su Hirawanu Tapu ba, dattijon Moriori wanda ya zauna da wani Bature mai suna Alexander Shand aka rubuta tarihinsu, da abin da ya rage ma ya bi ruwa.

Shi kansa itacen ya sha wuya a gida: dabbobi na cinye ƙananansa, manyan kuma an sare su don turakun shinge da girki.

Wasu za su ce ilimi na kowa ne. Haka ne, amma an riga an ƙwace wa mutanen nan ƙasa, bai dace ɗan abin da ya rage musu ya bi sahu ba. A 2020 gwamnatin New Zealand ta sa hannu da Moriori kan yarjejeniyar neman gafara da diyyar dalar New Zealand miliyan 18. Mai son binciken hakapiri ya fara sallama a ƙofar Hokotehi Moriori Trust, ƙungiyar da ke wakiltar Moriori, su faɗi abin da za a buga da wanda zai tsaya a gida.