An karanta lambata a bakin kanta, kowa na ji

Ranar Talata na shiga ofishin ajiye takardu na gundumarmu a nan Amurka, na fito jikina na rawa don baƙin ciki. Har yanzu da nake wannan rubutu zuciyata ba ta sauka ba.

Kiran waya ne ya kai ni. Wani ya bugo, muryarsa a natse, ya ambaci cikakken sunana da rundunar da na yi aiki da watan da aka sallame ni daga soja. Wai akwai ragowar kuɗin rauni da ban karɓa ba, in dai faɗa masa lambar asusuna na banki. Na katse, amma na kwana ina juyi. Ina ya samo? Ɗiyata ce ta zauna gaban kwamfuta, ba ta yi minti goma ba ta kira ni in zo in gani. Ga takardar sallamata, DD-214, a shafin gunduma na intanet, an cusa ta tsakanin takardar cinikin gidan wani da jinginar filin wani. Ranar haihuwata, adireshina, sunan matata, dalilin sallama, da lambar soshiyal sikiyuriti, wato lambar shaida da gwamnati ke ba mutum, alƙaluma taran nan cif, ko ɗaya ba a rufe ba. Duk mazaunin ƙasar nan ya san da wannan lamba ake cin bashi da sunanka, da ita ake karɓe kuɗin harajin da za a mayar maka.

A ofishin na yanki lambar layi, na zauna kusan awa guda. Da layi ya zo kaina na matsa jikin gilashi, na rage murya, na ce, "Madam, takardar sallamata daga soja tana buɗe a shafinku, ina so a sauke ta."

Ko ɗagowa ba ta yi ba. "Littafi na nawa, shafi na nawa?"

Na ce ban riƙe ba, amma ga katina, ga sunana. Ta sauke numfashi kamar na ɗora mata dutse, ta ƙwanƙwasa kwamfuta, ta samo. Sai kawai ta fara karantowa ta cikin 'yar lasifikar da ke jikin gilashin, wai tana tabbatarwa ni ne. Sunana. Ranar haihuwa. Ta shiga lambar, ɗaya bayan ɗaya, a tsanake, mutum bakwai ko takwas a bayana suna ji.

Na ɗaga hannu na ce, "Madam, don Allah dakata. Ai abin da ya kawo ni ke nan."

A nan ne ta dube ni karo na farko. "Yallaɓai, takardar jama'a ce. Kai ka kawo ta da hannunka aka yi mata rajista."

Wallahi wannan magana ta fi karanta lambar yi mini ciwo. E, ni na kawo. Amma don me? Ranar da ake sallamarmu aka tara mu aka ce kowa ya kai kwafin takardarsa ofishin gunduma, domin takarda a hannun hukuma ba ta da tabbas. Kuma ba ƙarya aka yi mana ba: a watan Yulin 1973 gobara ta tashi a cibiyar ajiye fayilolin sojoji da ke Sant Luwis, ta cinye fayil tsakanin miliyan 16 zuwa 18. Mutane sun yi yaƙi, sun tsufa, sun je neman magani ko fansho an ce babu shaidar sun taɓa sa kaki. Tsoron haka ya sa muka bi umarni. Ba wanda ya ce mana littafin da ke cikin ɗakin ajiya, wanda sai mutum ya tako da ƙafarsa zai buɗe, wata rana za a ɗauki hotonsa shafi shafi a watsa wa duniya.

Na haɗiye fushina na ce to yaya za a yi. Ta turo fom ta ƙarƙashin gilashi. In cike, in kai wa notari, wato mai izinin shaida sa hannu, ya buga hatimi, in dawo da kaina, sannan in jira makonni. Na ce, "Ga ni a gabanki, ga katina, ga takardar a kwamfutarki. Ba za a iya rufe lambar yau ba?" Ta ce ba haka tsarin yake ba. Na ce, "Waɗanda suka riga suka kwafa fa?" Ta ɗaga kafaɗa. "Wannan ba aikin ofishin nan ba ne. Na gaba!"

Sa takardata a intanet bai buƙaci sa hannuna ba, bai buƙaci notari ba, ko wasiƙa ɗaya ba a aiko mini ba. Cire ta ne ya zama sai na rantse ni ne ni. Wane irin tsari ne wannan? Ɓarawo ya shiga ta ƙofa a buɗe, mai gida kuma a tsare shi a bakin zaure ana tambayarsa shaida!

Ita ƙaramar ma'aikaciya ce kawai, na sani. Ruwa ba ya tsami banza. Gwamnati ce da kanta ta soke lambar soja ta mayar da lambar soshiyal a madadinta, sojan ƙasa da na sama a 1969, na ruwa a 1972, aka bi ana buga ta a kan kowace takarda, har a kan ƙarfen da muke ratayawa a wuya. Dokar sirri ta 1974 hukumomin tarayya ta ɗaure, littattafan gunduma suna ƙarƙashin dokar jiha. Gundumomi sama da 3,000, jihohi 50, kowace da nata salon. Wasu jihohin sun rufe takardun sallama gaba ɗaya sai mai ita ko danginsa, wasu sun ce sai ka zo ka roƙa. Tsohon da ke kan keken guragu, wanda bai san ma takardarsa tana waje ba, wa zai roƙa masa?

Su na saman ma me suka tsare? A watan Mayun 2006 aka sace kwamfutar wani ma'aikacin ma'aikatar 'yan mazan jiya daga gidansa a jihar Merilan, ɗauke da bayanan mutum miliyan 26.5. Ƙarshenta aka sasanta ƙarar da aka shigar a kan dala miliyan 20, wato ko dala ɗaya ba ta kai ba a kan kowane mutum. A 2015 masu kutse suka kwashe bayanan binciken tsaro na mutum miliyan 21.5 daga hukumar ma'aikatan tarayya, har da zanen yatsun miliyan 5.6. A 2023 masu bincike a Jami'ar Duke suka gwada sayen bayanan sojoji daga dillalan bayanai, suka samu har a kan santi 12 kowane mutum. Santi goma sha biyu! Kuma dillalan ba a ɓoye suke cinikin ba, don har yau majalisar tarayya ba ta yi cikakkiyar dokar sirri da ta shafi kowa ba.

Amma bari 11 ga Nuwamba, ranar 'yan mazan jiya, ta zo, ka ga tutoci da fareti da jawabai, kowa na gode mana da hidimar da muka yi wa ƙasa. Ni ban nemi tafi ba. Na ce a rufe mini alƙaluma tara, a daina tallan sunan matata ga kowane ɗan damfara.

Fom ɗin yana nan kan tebur, notari ya buga hatiminsa, ranar Litinin zan sake yankar lambar layi. Jiya da daddare kuma mutumin nan ya sake kira, wannan karon matata ya nema, da sunanta.