Yarinyar da ke bakin tabarma ta san amsar, ba mu tambaye ta ba

Jama'a, barkanmu da war haka. Akwai wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, yau dai zan amayar da ita. Ina roƙon malamai da iyaye, musamman waɗanda suka taɓa zama a kwamitin makaranta, su daure su karanta har ƙarshe kafin su yanke mini hukunci.

Na yi shekaru ina wakiltar tsofaffin ɗalibai a kwamitin kula da firamaren garinmu, wanda aka fi sani da SBMC. Duk wanda ya san tsarin kwamitin nan ya san yadda aka shirya shi: akwai hedimasta, da wakilan malamai, da wakilin mai gari, da na iyaye, da na mata, da na malaman addini, da na masu sana'a, da irinmu tsofaffin ɗalibai. Sannan akwai kujera biyu na yara, namiji da mace, waɗanda a mafi yawan makarantu shugaban ɗalibai da shugabar ɗalibai ne ke hawa. Kusan shekara 20 ke nan da Majalisar Ilimi ta Ƙasa ta amince a kafa irin wannan kwamiti a makarantun gwamnati, kuma tun a takardar farko an yi wa yara wuri. Ba wani sabon abu nake nema a ƙirƙiro ba a matakin makaranta. Kujerar tana nan. Abin da na gani da idona shi ne yadda muke hana ta aiki.

Wata shekara mun sami ɗan tallafin gyara. Aka kira taro a ƙarƙashin darbejiyar da ke gaban ofishin hedimasta. Manya muna kan benci da kujerun roba, yaran biyu suna can bakin tabarma, kusa da takalma. Yaron ne ya kawo mana ruwa. Yarinyar, wadda ke aji 6, ta zauna ta ja hijabinta ta sunkuyar da kai tun daga addu'ar buɗewa har ta rufewa. Muka yi ta muhawara a kan abin da za a yi da kuɗin. Wani ya ce fenti, domin ana sa ran baƙi daga hedikwata. Wani ya ce allon suna a bakin hanya. A ƙarshe fenti ya yi rinjaye, ni ma na ɗaga hannu. Kafin a tashi sai hedimasta ya kawo ƙorafi cewa 'yan matan aji 5 da 6 sun fito da wata ɗabi'a, da an tashi tara sai su sulale gida, ba sa dawowa. Muka yi Allah wadai, muka ɗora laifin a kan talla da sakacin iyaye mata, muka amince a ƙara tsanani. Aka miƙa wa yaran takarda suka sa hannu a matsayin mahalarta, muka watse.

Bayan kamar sati uku matata ta tare ni da maganar. Yarinyar nan takan shigo gidanmu, kuma a hira ta faɗa mata abin da ke korar su. Ƙofar masan 'yan mata ta karye tun damina, kuma bakinta yana kallon filin da samari ke buga ƙwallo. Babu ruwa a kusa. Yarinyar da ta fara girma, idan lalura ta kama ta, ko kwanakinta na wata suka zo, gida kawai za ta nufa, kuma idan ta je kunyar dawowa a makare a sha bulala a gaban aji take hana ta komowa. Kuɗin da zai sa ƙofa ya ja ɗan shinge bai kai rabin abin da muka kashe a fenti ba. Wadda ta san wannan duka tana zaune taku biyar daga inda nake, ni kuwa ina ɗaga hannu ina goyon bayan a ƙara musu bulala.

Har yau idan na tuna sai raina ya ɓaci. Ban ga laifinta ba ko kaɗan. Wace yarinya ce mai shekara 13 za ta buɗe baki a gaban wakilin mai gari da liman da hedimastanta ta yi maganar masai da al'ada? Tarbiyyar da muka ba ta ce ta hana ta, kuma tarbiyya ce mai kyau a muhallinta. Laifin namu ne da muka zaunar da ita a wurin da mun san ba za ta iya magana ba, sannan muka rubuta cewa an yi taro da wakilan ɗalibai.

Na san abin da wasu za su ce, domin an sha faɗa mini: abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Gaskiya ne, ban musa ba. Yaro bai san yadda ake raba kasafi ba, bai san dalilin da ya sa ake sauya wa malami wurin aiki ba, bai san siyasar da ke tsakanin ƙaramar hukuma da jiha ba. To amma Bahaushen da ya yi waccan magana shi ne kuma ya ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A makaranta, wane ne mai ɗakin? Mu 'yan kwamiti muna zuwa sau ɗaya a zango, idan an yi ƙoƙari sau biyu. Mai duba makarantu yakan zo ya sa hannu a littafi ya wuce. Yaron nan kuwa kullum yana ciki. Ya san malamin da ke shigowa aji ya rubuta kwanan wata a allo ya fita hira. Ya san ajin da ruwa ke zuba a kan littattafai. Ya san lungun da manyan yara ke tare ƙanana su ƙwace musu kuɗin tara. Ya san wanda ke karɓar kuɗin da gwamnati ta ce kyauta ne. 'Yan mata sun san hanyar da ba sa son bi su kaɗai, kuma sun san saboda wa. Wannan ilimi ne da babu babban da zai hango shi daga kan kujerar ofis, komai tsawon gemunsa.

Ga masu ganin wannan ra'ayin Turawa ne aka shigo mana da shi, ina tuna musu wani hadisi sananne. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tambayi sahabbai wace bishiya ce ganyenta ba ya zuba, wadda take kama da musulmi. Mutane suka yi ta ambaton itatuwan daji. Abdullahi ɗan Umar, yana yaro a lokacin, ya gane dabino ce, amma kunya ta hana shi magana saboda manyan da ke wurin. Da ya faɗa wa mahaifinsa daga baya, Sayyidina Umar bai yaba masa a kan shirun ba. Ya nuna masa cewa da ya faɗa, da hakan ya fi soyuwa a gare shi fiye da abubuwa masu yawa. Shi dai wannan Umar ɗin, a zamanin halifancinsa, yakan zaunar da Ibn Abbas yana matashi a majalisarsa tare da dattawan da suka halarci Badar, har wasu suka nuna rashin jin daɗi, shi kuwa ya yi masa tambaya a gabansu don su ga dalilinsa. Ka lura da kyau: bai tsaya a ba shi wurin zama ba, sai da ya juya ya tambaye shi. Wannan juyawar ce muka kasa yi a ƙarƙashin darbejiya.

Ta fuskar doka ma mun riga mun ɗauki alkawari. Najeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta haƙƙin yara tun 1991, kuma sashe na 12 nata ya ce yaron da ya kai ya yi ra'ayi yana da haƙƙin a saurare shi a duk abin da ya shafe shi, a auna maganarsa daidai da shekarunsa da hankalinsa. A saurare shi aka ce, ba a ce a miƙa masa ragama ba.

Yanzu bari in zo inda abin ya fi damuna. A matakin makaranta akwai kujera ko da ta suna ce. Daga nan zuwa sama babu komai. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta tsara mana hawa uku: hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa, wato UBEC, a Abuja, da takwararta ta jiha, wato SUBEB, a kowace jiha, sai hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma ƙarƙashin Sakataren Ilimi. A waɗannan ofisoshi ne ake yanke abubuwan da ke juya rayuwar yaro: wace makaranta za a tura wa malamin lissafi, wacce za a yi wa sabon gini, ina za a kai benci, ina za a haƙa rijiyar burtsatse. Yaro ba shi da ƙofar da zai bi maganarsa ta isa can. Sai ta bi ta bakin hedimasta, shi kuwa hedimasta ɗan Adam ne, ba zai ɗauki ƙarar da ta shafe shi ko ta shafi abokin aikinsa ya kai wa mai gidansa ba.

Ku tuna abin da ya biyo bayan sace ɗaliban Ƙanƙara a Disambar 2020 da na Jangebe a Fabrairun 2021. An rufe makarantun kwana da dama a jihohinmu, wasu aka mayar da su jeka-ka-dawo, wasu aka haɗe su da na cikin gari. Ban ce matakin kuskure ba ne, rai ya fi komai. Amma bayan ƙura ta lafa, ya kamata a ce an zauna da yaran an ji yadda sauyin ya same su: wa ya koma, wa bai koma ba, wace yarinya ce nisan hanya ya sa aka cire ta aka yi mata aure. Su ne suka san sunayen waɗanda suka ɓace daga aji.

A wasu ƙasashe an wuce wannan matakin. A Afirka ta Kudu, dokar makarantu ta 1996 ta wajabta wa duk makarantar gwamnati mai aji 8 zuwa sama ta kafa majalisar wakilan ɗalibai, kuma ɗalibai suna da kujeru a hukumar gudanarwar makarantar. A jihar Maryland ta Amurka, akwai gundumomin da ɗalibin sakandare ke zama a hukumar ilimi ta gunduma yana jefa ƙuri'a tare da manya. A gundumar Howard, lokacin korona a 2020, ƙuri'a ta yi kunnen doki 4 da 4 a kan komawa aji, sai wasu iyaye suka garzaya kotu suna neman a ƙwace wa ɗalibin ƙuri'arsa. A 2022 babbar kotun jihar ta ƙi amincewa da buƙatarsu. Ko a can ɗin akwai iyaka, ba ya jefa ƙuri'a a kan ladabtar da ma'aikata ko korar ɗalibi. Ban kawo wannan don mu kwafa ba, yanayinmu daban ne. Na kawo ne don a ga har iyayen can sun yi irin gardamar da muke yi, kuma makarantunsu ba su rushe ba.

A nan gida ma an gwada wani abu da ya dace da mu. Shirin inganta ilimi na ESSPIN, wanda Birtaniya ta tallafa wa a jihohi 6 har da Kano da Kaduna da Jigawa, ya ƙarfafa a kafa ƙaramin kwamitin mata da na yara a ƙarƙashin SBMC, inda za su zauna su kaɗai su tattauna kafin babban taro. Wanda ya kawo wannan dabara ya fahimci kunya. Da muna da irin wannan zama, da wata malama ko wata uwa da yaran suka yarda da ita ta zauna da 'yan matan, da maganar ƙofar masai ta iso gabanmu ba tare da an tilasta wa yarinya ta faɗe ta da bakinta a gaban maza ba.

Abin da nake kira a yi bai fi ƙarfinmu ba. Da farko a bar yara su zaɓi wakilansu da kansu. Shugaban ɗalibai da malamai suka naɗa, sau da yawa don ya fi kowa ladabi ko ƙoƙari, wakilin malamai ne a wurin yara, aikinsa rubuta sunan masu surutu. Wanda zai ɗauko kukan yara ya kawo wa manya aikinsa daban ne, kuma ya kamata ya san 'yan'uwansa ne suka aiko shi. Sannan a ware wa maganar yara lokaci a farkon taro, kafin manya su gama yanke shawara su fara neman takalmansu. A rubuta abin da suka kawo, a taro na gaba a gaya musu abin da aka yi a kai, ko da amsar ita ce babu kuɗi. Yaron da ya yi magana sau biyu bai ga ko alamar an ji ba, ba zai yi ta uku ba.

Shi kuma Sakataren Ilimi, me zai rage shi da shi idan sau ɗaya a zango ya tara wakilan yara daga makarantun yankinsa, na ƙauye da na gari, mata da maza daidai, ya saurare su ba tare da hedimastocinsu a ɗakin ba? Ba ya buƙatar sabuwar doka kafin ya yi haka. Abu biyu kawai nake tsoro, kuma dole a yi musu shinge. Na farko, kada abin ya koma na 'ya'yan manya, a riƙa ɗauko ɗan kansila da 'yar shugaban jam'iyya a ba su jawabin da aka rubuta musu su karanta ranar bikin yara ta 27 ga Mayu a ɗauki hoto. Na biyu, kuma shi ya fi muni, ramuwa. Yaron da ya faɗi cewa wani malami ba ya shiga aji, gobe a gaban malamin nan zai zauna, shi zai duba masa jarrabawa. Idan ba za a iya ɓoye sunan mai ƙorafi a kare shi ba, gara kada a fara tambayarsa.

Mun dai sa ƙofar daga baya, da karo-karon tsofaffin ɗalibai, muka ja shingen kwano ta ɓangaren filin ƙwallo. Amma zangon ya riga ya ƙare, kuma biyu daga cikin 'yan matan aji 6 ba su dawo sun zauna jarrabawar shiga ƙaramar sakandare ba. Ɗaya ina ganinta a kasuwa ranar Laraba, tana taya mahaifiyarta sayar da daddawa. Takan durƙusa ta gaishe ni, "Baba, ina kwana," in amsa, in tambaye ta mutanen gida.