Takardar kamu ba ta tsufa a New York

Da asubar wata Asabar matar wani ƙanena na zaman tare ta bugo mini waya, muryarta na rawa. "Yaya, bai kwana gida ba, wayarsa kuma a kashe." Sai wajen azahar muka gano inda yake. 'Yan sanda ne suka tsayar da shi saboda fitilar bayan motarsa ta mutu, suka karɓi lasisi suka duba a kwamfuta, sai ga sunansa da waranti a kai. Nan take aka sa masa ankwa.

Asalin maganar kuwa ba ta taka kara ta karya ba. Shekaru huɗu kafin nan, cikin azumin da ya faɗo a tsakiyar zafi, ya fito daga masallaci da dare ya zauna shan iska a wani lambun gwamnati a Bronx, wani yanki na birnin New York, bai san lokacin rufewa ya wuce ba. Ɗan sanda ya rubuta masa takarda mai ruwan hoda, ya linke ta ya sa a aljihu. A zatonsa irin tikitin ajiye mota ce, wadda in ka yi jinkiri kuɗi kawai ke ƙaruwa. Alhali sammaci ne na kotun laifuffuka, da rana da wuri a rubuce. Ranar ta zo bai je ba, alƙali ya sa hannu a takardar kamu, ita kuma ta kwanta a kwamfuta tana jiransa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne shirun da abin ya yi. A Kano inda na taso, sammaci yana da ƙafa, yana da baki. Masinjan kotu zai zo har ƙofar gida, in bai same ka ba ya bi ta wajen mai unguwa, kafin magariba duk layi sun ji. In beli aka ba ka, akwai wanda ya tsaya maka, kuma ranar da ka ƙi zuwa shi za a fara tuhuma, don haka shi da kansa zai zo ya tasa ka gaba. Da kunya a ciki, da tonon silili, amma ba yadda za a yi a neme ka shekara huɗu ba ka sani ba. A nan kuwa, kan irin wannan ƙaramin laifi da wuya wani ya ƙwanƙwasa maka ƙofa. Za ka yi ta harkokinka, ka yi aure, ka haihu, sai ranar da tsautsayi ya haɗa ka da ɗan sanda.

Na san dalilin da ya sa mutanenmu ke gudun kotu, kuma ban ga laifinsu ba. A Najeriya inda na fito, kusan kashi 2 cikin 3 na mutanen da ke gidan yari jiran shari'a suke yi, ba a yanke musu hukunci ba. Wanda ya taɓa kai wa ɗan'uwansa abinci Kurmawa wata da watanni a kan maganar da ba ta kai ta kawo ba, ba za ka ce masa ya kai kansa gaban alƙali ya ji daɗin maganar ba. Wannan tsoron muka ƙullo cikin kayanmu muka taho da shi, daga Kano, daga Maraɗi, daga zangon Kumasi. Sai dai a nan lissafin ya juya. Wanda ya kai kansa a kan sammacin ƙaramin laifi, galibi alƙali yana soke warantin a ranar, sau da yawa ma a kori ƙarar, ko a ɗan ci shi tara, ko a ce in ya yi wata 6 bai sake shiga matsala ba an shafe maganar. Wanda aka kamo kuwa sai ya kwana a sel, wajen awa 24, kafin ya tsaya gaban alƙali ya ji hukuncin da zai iya samu da ƙafarsa cikin safiya guda. Haka ta faru da ƙanen nan nawa. Bai yi minti biyar a gaban alƙali ba aka sallame shi, amma ya rasa aikin kwana biyu, an ja motarsa sai da ya biya ya karɓo, matarsa kuma har yau in ya yi dare ba ta iya barci.

Kada a ɗauka ina wanke birnin ne. A ganina zalunci ne a ɗaure mutum don ya zauna a kan benci bayan lokaci, kuma su kansu hukumomin sun gane an wuce gona da iri. An kai lokacin da irin waɗannan warantoci suka haura miliyan 1 a birnin, domin kusan mutum 4 cikin 10 ba sa zuwa ranar da aka sa musu. A 2016 majalisar birnin ta yi dokar da ta ba da damar a mayar da wasu ƙananan laifuffuka, irin su zubar da shara da karya ƙa'idar lambu, zuwa tara ba tare da zuwa kotun laifuffuka ba. A watan Agusta na 2017 manyan masu gabatar da ƙara na Manhattan da Brooklyn da Bronx da Queens suka sa aka soke tsofaffin warantoci sama da 600,000 waɗanda suka haura shekara 10. Kafin nan ma marigayi Ken Thompson, babban mai gabatar da ƙara na Brooklyn a lokacin, ya riƙa kai alƙali da lauyoyi cikin coci-coci, don mutane su zo a warware musu ba tare da fargabar kamu ba. An kuma sake fasalin takardar, aka dawo da ranar kotu sama inda ido zai gani, aka fara tura saƙon tuni ta waya, sai masu fashin zuwa kotu suka ragu. Wannan kaɗai ya nuna cewa da yawa mantuwa ce da rashin fahimta, ba taurin kai ba. Ina ma a ce kotunanmu na gida za su ari wannan na saƙon waya, tunda ba gidan da ba waya yanzu.

To amma waccan yafiyar ba ta game kowa ba. Na ƙanena bai kai shekara 10 ba, shi ya sa ya rage. Saboda haka duk wanda ya tuna an taɓa miƙa masa takarda mai ruwan hoda bai je ba, ya bincika. Akwai shafin kotunan jihar mai suna WebCrims inda ake sa suna a duba, sai dai shari'o'in da ke da ranar zama a gaba yake nunawa, don haka rashin ganin sunanka a can ba shaida ba ce cewa ka fita. Tabbas yana wurin magatakardar kotun laifuffuka, ko wurin lauya ya duba maka. Ga kuma wata matsala tamu ta musamman, ta rubutun suna: Muhammadu a fasfo, Mohamed a lasisi, Mamadou a takardar ɗan sanda. A gwada duk yadda aka taɓa rubuta shi, tare da ranar haihuwa.

Wanda takardunsa na zama ba su kammala ba, ko yake jiran katin zama ko ɗan ƙasa, ina roƙonsa kada ya taka kotu sai ya ga lauya tukuna. Jihar New York ta yi doka a 2020 da ta hana jami'an shige da fice kama mutum a kotunan jihar sai da izinin alƙali, amma amsa laifi, komai ƙanƙantarsa, na iya taɓa maganar takardu. Ƙungiyoyi irin su Legal Aid Society da Bronx Defenders suna ba marasa hali lauya kyauta, kuma kotu na samar da tafinta in ka nema.

Tun daga ranar nan, duk wanda ya zo mini da irin wannan magana bayan sallar Juma'a, ba na ce masa a yi ta addu'a kawai mu rabu. Ina karɓar lambarsa, mu sa rana. Zuwa yanzu na raka mutum uku, da sassafe, kowa da katin shaidarsa a hannu, mu bi layi a cire bel da makullai a ƙofar bincike. Dukansu a gidajensu suka ci abincin rana.